Kwanon da ba wanda ya taɓa

Asabar, 21 ga Janairu, 2023. Qingdao, lardin Shandong, ƙasar Sin.

Ƙarfe ɗaya na dare ta gota. Mutanen gidan duk sun kwanta, ni kuwa barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Mako biyu ke nan makarantarmu ta zama kufai. Masu shara, masu sayar da abinci a bakin ƙofa, mai gyaran keke, kowa ya ɗaure kaya ya nufi garinsu. Sinawa suna kiran wannan kakar tafiye-tafiye chunyun, kwana arba'in ce, bana ta fara ranar 7 ga Janairu. Shekara uku annobar korona ta hana mutane da yawa zuwa gida bikin bazara, wato bikin sabuwar shekarar Sinawa, sai a watan Disamba aka sassauta dokokin, shi ya sa bana ko mai ciwon ƙafa ya kama hanya. Ni ma shekarata uku ke nan ban taka Funtuwa ba. Da abokina da muke ɗakin gwaji ɗaya ya ce mahaifiyarsa ta hana a bar ni ni kaɗai a daren jajibiri, ban ja zancen ba.

Da hantsi ya zo ya ɗauke ni. Sai da muka fara biyawa wurin wani mahauci Musulmi ɗan ƙabilar Hui, mai koren allo da rubutun qingzhen, wato halal, a ƙofa, muka karɓi naman rago da mahaifiyarsa ta sa aka ajiye. Daga nan muka ratsa tsohon gari a ƙafa, iskar teku tana yankar kunne. Na sha bin unguwar nan, amma yau ne na tsaya na dube ta sosai. Gidajen dutse masu jan rufi, coci mai hasumiya biyu, gidan gwamna a kan tudu kamar an tsinko shi daga Jamus an dasa. A 1897 aka kashe wasu 'yan mishan Jamusawa biyu a can cikin lardin, Jamus ta fake da wannan ta turo jiragen yaƙi, a 1898 ta sa daular Qing mai mulkin Sin ta sa hannu a kan hayar wannan gaɓa ta shekara 99. Japan ta ƙwace a 1914. Da aka zauna rabon duniya a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka bar wa Japan wurin, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Beijing ranar 4 ga Mayu, 1919. Sai 1922 garin ya dawo hannun masu shi.

A jikin wani shago na ga tallar giyar garin, da babbar lamba 1903, shekarar da Turawa suka kafa masana'antar. Na tsaya cak. Abokina ya tambaye ni lafiya, na ce masa a wannan shekarar sojojin Ingila suka shiga Kano a Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. Bai taɓa jin sunan ko ɗaya ba. Ya sa na maimaita masa Burmi sau biyu.

Gidan kakansa yana hawa na huɗu a wani tsohon bene. An liƙa jajayen takardu masu baitoci a gefe biyu na ƙofa, harafin fu na sa'a kuma an kifa shi kai a ƙasa da gangan, don kalmar kifewa da ta isowa lafazinsu ɗaya ne. Mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Ayi, ta tarye ni da gari a hannu har gwiwar hannu. Kafin in zauna ta ja ni kicin ta nuna min sabuwar tukunya, sabon katakon yanka da sabuwar wuƙa, takardar kuɗin ma ba a ɓare ba. Ta ce a cikin waɗannan za a yi duk abin da zan ci, kuma yau gaba ɗaya gidan ba mai cin naman alade. Na san abin da wannan yake nufi a gidan Basine ranar babban biki. Na rasa bakin godiya, sai xiexie, wato na gode, nake ta maimaitawa.

Aikin yini shi ne jiaozi, ɗan kwaɓin fulawa da ake naɗe haɗin nama ko kifi a ciki a dafa. Mutanen wannan gaɓa da kifin teku suke yi, wanda suke kira bayu. Ayi ta kankare tsokar daga jikin fata da cokali, ta daddatsa, sannan ta riƙa zuba ruwan yaji kaɗan-kaɗan tana juyawa ɓangare ɗaya tak. Ta ce in aka juya baya haɗin zai saki. Bisa al'ada da kitsen alade ake haɗawa, yau ta sa ƙwai da man gyaɗa da yankakken ganye mai ƙamshin albasa. Mahaifin abokina, Shushu, yana murza kwaɓin da ɗan gajeren muciya, hannu ɗaya na juya faifan, ɗaya na murzawa, tsakiya da kauri, baki siriri. Mu kuma muna naɗewa. Kakan, Yeye, mai shekara tamanin da huɗu, yana zaune gefe yana wanke wasu kwabbai da tafasasshen ruwa, waɗanda za a ɓoye a cikin 'yan kaɗan. Sai na tuna Inna da ƙannena mata daren sallah, an kewaye tire ana yankan cincin, hira na tafiya hannu na aiki.

Da magariba ta yi Ayi ta buɗe min ɗakin ɗiyarta, ta shimfiɗa sabon bargo a ƙasa. Na yi salla, na fito na tarar an cika tebur. Mu tara ne, kujera goma. A gaban ta goman an ajiye kwano da sandunan cin abinci. Yayar abokina ma'aikaciyar jinya ce a Shenzhen, ba ta samu hutu ba. Aka zuba mata shayi kamar kowa. Aka kawo kifi guda sukutum, aka gargaɗe ni kada a cinye shi duka, don kalmar kifi da ta rara suna kama a kunne, ana so shekara ta bar saura.

Zancen fim ya taso ne bayan ƙarfe takwas, lokacin da aka kunna shagalin talabijin na Chunwan da ake yi duk shekara tun 1983, wanda kowa ke kunnawa amma rabi ne ke kallo. Abokina ya fito da waya yana nuna tikitin gobe: kashi na biyu na Liulang Diqiu, fim ɗin duniya mai yawo, gobe ranar farko ta shekara zai fito. Wata 'yar ƙanwar Ayi, mai shekara sha biyar, ta ce ita Avatar na biyu ta kalla a watan jiya, kuma sai da ta yi kuka wurin da aka farauci ƙatuwar dabbar teku don ɗan ruwan da ke cikin kanta. Nan abokina ya gyara zama. Ya ce bambancin ke nan. A finafinan Amurka, in duniya ta lalace sai a ƙera jirgi a tafi neman ƙasar wasu. A nasu kuwa, na farkon da ya fito a 2019, da rana ta fara mutuwa sai aka dasa wa duniya injuna dubu goma aka tura ta gaba ɗaya, tafiyar shekara 2,500, da duwatsunta da kaburburanta. Ya ce Basine ba ya barin gida, ɗaukarsa yake yi a ka. Ya ƙara da cewa a nan Qingdao aka ɗauki fim ɗin, yana faɗa yana murmushi kamar a tsakar gidansu aka yi.

Shushu bai cika magana ba, amma ya sa baki. Ya ce lokacin da Avatar na farko ya shigo Sin a farkon 2010, mutane da yawa ba Turawa suka gani a ciki ba. Da suka ga manyan motocin rusau sun nufo bishiyar shuɗɗan mutanen nan, dingzihu suka tuna, gidan ƙusa, wato mai gidan da ya ƙi tashi an rushe unguwa duka an bar shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar rami. Ya ce mai motar rusau ba dole sai ya zo daga ƙetaren teku ba. Ya faɗa a hankali, ya ci gaba da ɓare jatan lande.

Suka juyo gare ni. Na faɗi abin da ya daɗe yana cin raina game da Avatar. Fim ɗin ya san zalunci, ya nuna kamfani da sojan haya da ma'adinin da ke ƙarƙashin gidan mutane, bai ɓoye komai ba. Amma idon da aka ba mu mu yi kallo da shi na wanda ya sauko daga jirgi ne. Shi aka turo leƙen asiri, ya koyi harshe, ya auri 'yar sarki, ya hau tsuntsun da 'yan ƙasa suka daɗe ba su hau ba, ya zama jagoran yaƙinsu. Ko a labarin cetonsu baƙo ne a gaba. Mu kuwa mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nasu fim ɗin ma na ce ina da tambaya a kansa, don a ciki ƙuri'a aka jefa ta shiga biranen ƙarƙashin ƙasa, wanda bai ci ba aka bar shi a waje. Duk lokacin da na kalla sai in ce a raina, wa ya riƙe akwatin ƙuri'ar, kuma kujera nawa aka ware wa Funtuwa? Abokina ya buɗe baki zai ba ni amsa, sai Yeye ya ajiye ɗan kofinsa.

Ashe yana bin zancen. Harshensa na ƙauyen Shandong ne, ban kama ko rabi ba, abokina ne yake mayar min. Ya nuna kujerar da ba kowa. Ya ce kakarsa haka ta riƙa ajiye kwano duk daren jajibiri har ta mutu, shi ma ya gani da idonsa yana yaro. Na babban ɗanta ne, wan mahaifin Yeye. A 1917 Ingila tana ɗibar ma'aikata daga Shandong zuwa fagen yaƙin Turai, ta Weihaiwei da nan Qingdao. Ingila da Faransa sun kwashi Sinawa wajen 140,000, suna haƙa ramuka, suna sauke kaya, suna kwashe gawawwaki. Ana aske wa mutum kai, a ɗaura masa ƙarfe mai lamba a wuyan hannu, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Kanada, a ratsa ƙasar da shi a rufaffen jirgin ƙasa, sannan Faransa. Yeye ya zagaye wuyan hannunsa da yatsu biyu yana nuna inda ƙarfen yake zama. Ya ce wani ɗan ƙauyensu ne ya rubuta sunan yaron ya karɓi lada. Wasiƙa biyu ta zo, daga nan shiru.

Tsigar jikina ta tashi, don na san labarin nan, da Hausa aka ba ni shi. Na ce wa abokina ya faɗa wa Yeye: a 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar da take samu daga can, sai ta juyo kan tudun Jos. Aka riƙa ɗora wa kowace ƙasa adadin mazan da za ta kawo, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa. Ɗiban gwamna ake ce masa. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Katsina aka kai su sanyin tudu, suna tsaye cikin ruwa da kwanon ƙasa a ka, ga yunwa, ga ciwon ƙirji. Ƙanin kakana yana ciki. Kakata ta ce uwarsa ta yi shekaru tana rage tuwon dare a akushi ta rufe da faifai, ko zai shigo cikin dare. Da safe a ba almajiri. Mu ma wanda ya nuna gidan ba baƙo ba ne, da ɗan gari akan ci gari.

Yeye ya saurara har ƙarshe. Bai ce komai ba, ya miƙo sandunansa ya ɗauko kumatun kifin, inda ya fi taushi, ya sa min a kwano.

Tun ɗazu nake juya abin. Na kalli finafinan sararin sama da yawa, na ga jirage suna sauka, na ga bishiya tana faɗuwa cikin wuta, na ga jarumi ya tuba ya koma bayan waɗanda aka zalunta. Ban taɓa ganin an tsaya da kyamara a kan tsohuwar da ke rufe akushi ba. Ita ba ta ga gwamna ba, ba ta ga ramin kuza ba, ba ta san inda Malaya take ba. Abin da ya iso gidanta daga daular da ake cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta shi ne mutum ɗaya ya ragu a wurin cin tuwo. Da ni ke da kuɗin James Cameron, wanda ya shirya Avatar, daga tsakar gidan nan zan fara, kuma ba zan bi jirgin ba.

Sha biyun dare aka tsamo jiaozi, tururi ya rufe gilashin taga, ana jin ƙarar wasan wuta daga nesa. Yarinyar nan ce ta fara cin karo da kwabo, aka yi ta tafi. Yara suka gaida Yeye, ya rarraba jajayen ambulan. Ya miƙo min ɗaya, na noƙe, Ayi ta ce ɗalibi yaro ne ko gemunsa ya kai ƙirji. Na karɓa da hannu biyu. Yayar abokina ta kira ta bidiyo daga asibiti da takunkumi a fuska, aka jingina wayar da kwanonta.

Na fita baranda na kira Inna. A gida biyar na yamma ce, ta idar da la'asar tana tsince shinkafa. Ta ba ni labarin wahalar sababbin takardun naira, ta tambaya ko na ci abinci, ko da sanyi, ko ƙaramar sallar bana da ni. Na ce in sha Allahu. Sannan na ce, Inna, ƙanin Malam Babba da aka tafi da shi Jos, mene ne sunansa na yanka? Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Ta ce ita tun da ta zo gidan da laƙabi take jin ana ambatonsa, amma Gwaggo ta Bakori za ta sani, ranar Juma'a za ta shiga mota ta je ta tambayo min.