Tarihin Rayuwata, kashi na bakwai: Malam ya raba ni da oto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya amince in riƙa zuwa wajen Malam koyon ɗaukar hoton jarida bayan Yaya babba ta sa baki, to yau daga nan zan ɗora.

Malam dai tsohon hannu ne, tun zamanin fim da ɗakin wanke hoto yake harkar, har yanzu akwai kwalayen negetif jibge a shagonsa duk sun yi ƙura amma ba ya yarda kowa ya taɓa. Ranar farko ya miƙo min wata tsohuwar Nikon da robar jikinta ta fara ɓarewa, ya murɗa wani ɗan maɓalli ya fitar da ita daga oto, wato inda kyamara ke saita kanta da kanta, ya ce "'yata daga yau kin rabu da oto, kyamara ba za ta yi miki tunani ba." Abu uku ya ce in riƙe, ƙofar haske, wato girman ramin da haske ke shiga, da gudun shota, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga, da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, kuma ya ce kamar duwatsun murhu suke, kika gusa ɗaya sai kin gyara sauran in ba haka ba tukunya ta tuntsure.

Wlh a baki abin da sauƙi. Ya kai ni marinar Ƙofar Mata da tsakar rana, rana tana dukan ruwan baba yana ƙyalli, ya ce sa ISO 100 ki rage ƙofar haske zuwa lamba f/8, hoton ya fito tas har zanen shuni a hannun dattijon da ke rini ana gani. Daga nan muka shiga wani zaure mai duhu, lissafin ya juye gaba ɗaya, dole a buɗe ƙofa zuwa f/2.8 a ɗaga ISO ya kai 1600, hoton kuma ya fara yin yashi-yashi, shi ne kuɗin da ake biya. Doki kuwa a Hawan Daushe in ba ki kai shota 1/1000 na daƙiƙa ba ƙafafunsa za su narke a hoton sai dai ki ga inuwa. Ya koya min son hasken safe da na bayan la'asar, da yadda hazon hunturu yake tausasa fuska, kuma ya hana ni tsayawa daga nesa ina zuƙo mutane da zum, ya ce ƙafa ce zum ɗin farko, ki matsa ki yi sallama.

Duk wannan na ɗauka shi ne aikin. Sai damina ta zo.

Wani dare a watan Agusta aka kwana ana ruwa, da safe Malam ya kira ya ce in same shi a wata unguwa, katangun ƙasa sun zube, mutane sun kwashe abin da ya saura sun koma makarantar firamare. Maza suna waje suna tono kaya daga taɓo, mata da yara suna cikin azuzuwa, an rataya zani a ƙofa. Malam ya tsaya daga bakin baranda ya ce "nan iyakata, ke za ki shiga, amma ki sani ba don kina da kyamara za su bar ki ba, don ke mace ce 'yar uwarsu, kar ki ci amanar wannan."

Na shiga na yi sallama, na gaishe da wata dattijuwa da na ga ita ake saurara, na ce Inna sannunku da wannan jarabawa, Allah Ya mayar da alheri, daga jarida nake ina son ɗaukar hoto don a san halin da kuke ciki. Na faɗa musu ƙarara cewa hoton zai iya fitowa a takarda kuma zai iya yawo a Facebook, dangi na nesa za su gani, surukai za su gani. Wasu suka ce a'a, na sauke kyamara daga sashensu. Akwai wata matashiya a lungu tana shayar da jariri, kanta babu ko ɗankwali, haske yana shigowa ta taga yana sauka daidai kan fuskarta da buhun kayan da ta jingina, duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san irin wannan hasken ba kullum ake samu ba, yatsana har ƙaiƙayi yake. Na ce Yaya in ɗauka? Ta ce bari in gama in sa hijabi. Na jira. Kafin ta gama gajimare ya rufe rana hasken ya tafi, na ɗauka a haka, tana zaune riƙe da ɗanta tana kallon tabarmar da ta jiƙe.

Da na fito na ba Malam labari ina tambayarsa ko jiran da na yi ta sa hijabi bai zama shirya hoto ba, tunda ya sha gaya min haramun ne a jarida ka tsara abu ka ce haka ka tarar. Ya ce a'a, ita ta zaɓi yadda duniya za ta gan ta, wannan mutuncinta ne, da ke ce kika ce ta cire ko ta yi tagumi ko ta matso kusa da taga to nan ne kika yi ƙarya. Muna cikin maganar ya nuna min da haɓa wani mai kyamara can gefe, mutumin ya tsinci takalmin yaro ɗan ƙarami ya ɗora a kan tarin ƙasar ginin da ya rushe, ya durƙusa yana ta ɗauka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, saboda duk wanda ya ga wannan hoton zai ɗauka yaro ya mutu a ƙarƙashin ginin, alhali mutanen gidan suna tsaye a wajen lafiyarsu ƙalau suna kallonsa.

Da muka koma shago aka zo wajen gyara a kwamfuta. Akwai wata baƙar leda a ƙasan hoton da ta tsaya min a ido, na ce Malam a goge ta da Photoshop mana, ai minti ɗaya ne. Ya ce za ki iya rage gefen hoto, za ki iya ɗan daidaita haske, amma ba a cirewa ba a ƙarawa. Ya ba ni labarin Adnan Hajj wanda a 2006 ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut lokacin yaƙi, kafar dillancin labarai ta Reuters ta raba gari da shi ta janye hotunansa kaf, da kuma Narciso Contreras da kafar dillancin labarai ta AP ta sallama a 2014 don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya, mutumin da yana cikin waɗanda suka ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer fa. Ledar nan ta zauna a inda take.

Sai bayanin da ake rubutawa a ƙasan hoto, wanda ni a ganina shi ne inda aka fi yin sakaci a wajenmu. Wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, kuma kar ki rubuta abin da ba ki tabbatar ba, kar ki ce "tana kuka saboda yunwa" in ba ita ta faɗa miki ba. Ya ɗauko min dokokin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998, ya nuna min inda aka hana bayyana suna ko fuskar yaron da bai kai shekara 16 ba in maganar ta shafi fyaɗe ko wani laifi, ko shi aka yi wa ko shaida ne, da inda aka hana karɓar na goro don a buga labari ko a danne shi. Na tambaye shi batun almajirai, don kowa ya sayi kyamara su yake fara bi da ita, ya ce su ma 'ya'yan wasu ne, ki nemi malaminsu, ki tambayi yaron kansa, kuma ki tambayi kanki ko labarin yana buƙatar fuskarsa. A ranar ne ya nuna min aikin Fati Abubakar ta Maiduguri, Bits of Borno, yadda take ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a garin da duniya ba ta san shi da komai ba sai bam, na daɗe ina kallo a wayarsa har caji ya kusa ƙarewa.

Hoton matar nan ya fito a shafin ciki, ƙarami, sunana a gefe da ƙananan baƙaƙe. Na sayi kwafi na koma makarantar na kai mata, ta karɓa ta juya shi ta miƙa wa Inna, Inna ta ce to madalla, yanzu sai ki je ki ɗauko mana rijiyar bayan aji, ruwan kwata ya shiga ciki kuma shi yara ke sha. Na je na ɗauka, kuma wannan hoton rijiyar ne ya jawo min takaddama ta farko da wani edita, wadda zan ba ku labarinta mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.