Godiya bayan sallamar Hajiya daga asibiti

Assalamu alaikum. A madadin 'ya'ya da jikokin Hajiya, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa an sallamo ta daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tana gida, jiki da sauƙi. Alhamdu lillahi.

Masu tambaya ko asma ce, a'a. Hawan jinin da ta daɗe da shi ne ya gajiyar da zuciyar, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, har barci ya gagara sai a jingine. Da aka yi mata ECG, wato gwajin bugun zuciya, sai ga wata matsalar a kan wannan: ɗakunan sama na zuciyar sun daina bugu, karkarwa kawai suke yi, bugun ya haura 130 a minti, kuma babu tsari. Likitoci na ce masa AF.

Babbar godiyarmu ga likitan zuciyar da ya kula da ita. Allurar Lasix, mai fitar da ruwa daga jiki, ta sauke kumburin, numfashi ya dawo, amma bai bar sauƙin nan ya ruɗe mu ba. Zaunar da mu ya yi, da Hausa tsantsa, ya ce inda jini ba ya gudana sosai, kamar a zuciyar mai AF, yakan daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Mai AF ya fi wanda ba shi da ita wannan haɗari kusan sau biyar. Dalilin ɗora ta a kan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ke nan, da gwajin jini na INR a kai a kai, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ba kowane likita ke da haƙurin irin wannan bayani ba. Allah ya saka masa da alheri.

Ma'aikatan jinya na ɗakin mata, musamman masu kwanan dare, su suka koya wa ƙanwata jin bugun jini a wuyan hannu da auna nauyin Hajiya kowace safiya. Mun gode. Haka maƙwabta da suka riƙa aiko da abinci, da jama'ar masallacin unguwa, da waɗanda suka taimaka da kuɗin magani suka ce kada a faɗi sunansu.

Sai roƙo guda. Mun san ƙauna ce ke sa a kawo jiƙo da sassaƙe, amma don Allah a dakata, warfarin ba ya shiri da su, haka ma magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac, suna iya jawo zubar jini. Gishiri da dunƙule da kunun kanwa ma an taƙaita mata, tana ta mitar miya ta yi lami.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, kuma a taƙaita zama. A ci gaba da sa ta a addu'a.