Hotuna dubu ba sa gyara takun fizo: darussa daga ɗakin intafiromita

Babban kuskuren da ke cinye watannin ɗalibi a aikin awon fes (matsayin zangon haske) da intafiromitar Fizeau, na'urar da ke auna siffar madubi ta hanyar ratsin haske, shi ne ya ɗauka duk abin da ya ɓata masa sakamako hayaniya ce. Sai ya ƙara yawan hotuna. Idan hayaniyar ta kyamara ce ko ta ƙwayoyin haske, wannan na aiki: hotuna 100 suna rage ta sau 10. Amma idan laifin a takun fizo yake, wato ɗan motsin da na'urar fizo (piezo) mai aiki da wuta ke yi wa madubi tsakanin hoto da hoto, ko hotuna dubu aka haɗa yana nan daram, sai dai ma ya ƙara fitowa tsaf har a ɗauka siffar madubin ce.

Ga yadda abin yake. Lezar helium-neon tsawon zangonta nanomita 632.8 ne. A tsarin hotuna huɗu, kowane taku digiri 90 ne, wato fizo ya tura madubin ma'auni kusan nanomita 79. Fizo kuwa ba ya bin wutar da aka ba shi daidai wa daida, kuma halinsa na sauyawa da zafi da tsufa. Da zarar taku ya zama digiri 95, sai wasu ƙananan tuddai su bayyana a taswirar saman madubin, yawansu ninki biyu na ratsin hasken da ke kan allo. Gane su ba wuya. A ɗan karkata madubin, ratsin ya ƙaru daga uku zuwa takwas. In tuddan sun ƙaru tare da shi, ba a jikin gilashin suke ba.

Maganin: a koma tsarin hotuna biyar na Schwider da Hariharan, a kwatanta hoto na farko da na biyar. Tsakaninsu digiri 360 ne, dole su zo iri ɗaya. A yi ta daidaita wutar fizo har bambancinsu ya kusa ɓacewa, sannan a rage ratsin iya yiwuwa kafin awo. Aikin rabin awa ne. Abin takaici, shugaban ɗakin gwaji da ke neman taswira mai kyau kafin taro yakan ce “a ƙara hotuna kawai”, in sakamako ya rushe daga baya kuma ɗalibin ne ke shan faɗa.

Sai iska. Sauyin digiri 1 yana canza ma'aunin lanƙwasa haskenta da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. A tazarar santimita 10, nanomita 100 ke nan, hasken kuma zuwa da dawowa yake yi. A rufe hanyarsa da akwati, a kau da bakin na'urar sanyaya ɗaki daga tebur.

Haka ma ƙarfen da ke riƙe madubai: sandar alminiyam mai santimita 10 tana miƙewa maikoromita 2.3 a digiri ɗaya, Invar, gaurayen ƙarfe da nikel da da ƙyar yake miƙewa, ya fi dacewa. Leza ta yi awa guda a kunne kafin a fara. Kada kyamara ta cika da haske, domin yanke kan ratsi yana haifar da nasa tuddan. Tebur mai ƙafafun iska kuma, a duba ko da gaske yana shawagi, don waya ɗaya mai tauri da ta taɓa ƙasa ta isa ta shigo da girgizar janareta.