Daga Wusasa zuwa Masallacin Juma'a na Zazzau

Da hutun makaranta ya zo na kwashi iyali, har da Inna, muka bar Kano da sassafe zuwa Zariya. Hazo ya rufe hanya har Kwanar Dangora, yara na ta barci a baya. Wani abokin aikina haifaffen Wusasa, Bahaushe Kirista, shi ya daɗe yana ce mini in zo in ga tsohuwar majami'arsu, wai ba zan yarda coci ce ba sai na shiga.

Inna dai ba ta so ba. Tun a mota take cewa, "Kai yanzu duk wuraren ziyara da ke Zazzau ka rasa inda za ka kai mu sai coci?" Na ce, "Inna, gini za mu gani, daga nan kuma sai masallaci." Ta ja carbinta ta yi shiru.

Wusasa tana gindin dutsen Kufena, a wajen ganuwar birni. Abokin nawa ya tarye mu, ya durƙusa ya gaida Inna da "Barka da zuwa, Hajiya, an zo lafiya?" Daga nan fuskarta ta ɗan saki. Ya ja mu zuwa majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka gina a 1929.

Gaskiyarsa. Da ba don gicciye ba, da sai ka rantse soron wani basarake ne. Ginin ƙasa ne, bangonsa da kauri sosai, kana sa ƙafa ciki sanyi ya ratsa ka ko da rana ta take. Na ɗaga kai na ga bakan gizo, irin wanda ake ɗaure shi da azara a bi shi da yaɓe, ya taso daga bango ya lanƙwaso ya haɗu a sama. Inna, wadda mahaifinta magini ne, ta manta da ƙorafinta. Ta dafa bangon, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce, "Wannan tubali ne, kuma hannun da ya yi shi ya san aiki." Sai ga ta tana nuna wa jikokinta yadda nauyin rufi ke sauka a kan bango ba tare da ƙarfe ko siminti ba. A kan wani benci ɗiyata ta ga Littafi Mai Tsarki da Hausa, ta buɗe tana mamakin wai tana gane abin da aka rubuta.

A nan abokina ya ba mu tarihin. Dakta Walter Miller na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Daga baya Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, har zuwa lokacin da aka fitar da mishan ɗin bayan gari, nan Wusasa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Wasu daga Kiristocin farko na wurin zuriyar Isawa ne, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a wa'azinsa. Ni ɗan Kano ne, amma wannan labari ban taɓa jin sa a gida ba.

Ƙaramin wuri ne, amma mutanen da ya fitar ba ƙanana ba ne. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi. Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, duk makarantar mishan ɗin ce ta yaye su. Asibitin Saint Luke ma yana nan kusa, mun wuce ta gabansa kawai.

Kafin azahar muka shiga birni ta Ƙofar Doka. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, gidaje sun ci wani sashe. Muka tsaya a ƙofar fada yara suka kalli zanen bango da dogarai cikin ja da kore, sannan ni da ɗana muka shiga Masallacin Juma'a. Shahararren maginin da ake kira Babban Gwani ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ba za ka ga tsohon ginin ba, don an lulluɓe shi da na siminti. Sai ka shiga za ka tarar da manyan ginshiƙan ƙasa masu zane, da bakan gizo da ɗaurin guga a sama. Na ji zafin lulluɓewar nan, ko da yake watakila ita ce ta hana damina cinye shi.

Bayan mun idar da salla ɗana ya ɗaga kai, ya ce, "Baba, ai irin rufin can ne." Na ce masa wannan ya girmi wancan da kusan shekara 90, kuma a wurin magina irin Babban Gwani aka gaji aikin.

Yara sun so hawa Kufena, Inna ta ce gwiwarta ba ta hawan dutse ba ce. Muka ci masa da miyar taushe a Tudun Wada, muka kama hanyar Kano bayan la'asar don kada dare ya yi mana a hanya.