Taransifomar gari ba za ta ciyar da tirela ba

Duk mai son kafa wurin cajin manyan motoci a Wudil, Gumel ko Kwanar Dangora, ya fara da lissafin wuta kafin ya sayi fili. Tirela mai lantarki ɗauke da cikakken lodi tana shan fiye da kilowat-awa 1 a kowace kilomita, batirinta kuma yakan ɗauki 400 zuwa 600. Na'urar caji mai sauri ɗaya tana jan kilowat 350.

To, taransifomar da ke ba gari wuta yawanci 300 ce ko 500 kVA, wato ma'aunin ƙarfinta da ke kusa da kilowat. Mota guda ta fi ƙarfin ta 300, ta 500 ma ta shanye mafi yawanta. Idan biyu suka jona lokaci ɗaya, fis ya tashi, ko man ciki ya yi zafi ta ƙone, gari ya kwana a duhu. Dole wurin ya sami tasa taransifomar daga babban layin kilobolt 33 na KEDCO, kamfanin rarraba wuta, da atin mai kyau, wato wayar kariya da ake binnewa a ƙasa.

Sola tana taimakawa, amma a san girman aikin. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan kilowat-awa 2.5 a yini. Ke nan cajin 400 na mota guda sai faranti 160, kuma sai an tara wutar a babban batirin ajiya, don direba ba ya jiran rana ta fito. A hunturu ƙura takan kwanta a kan gilashin har ka rubuta sunanka da yatsa. Idan ba a wanke duk mako ba, wutar ta ragu.

Zafin Afrilu ma abokin gaba ne. Da ya haura digiri 40, na'urar cajin da kanta take rage gudu don kare kayan cikinta, musamman idan ƙura ta toshe filtar fankarta. A yi mata rumfa, a riƙa kakkaɓe filtar. Wayar cajin kuma tagulla ce, sai da maigadi.

A ganina, a fara da hanyoyin da aka san tsawonsu: riɗi daga ƙauyukan Jigawa zuwa Dawanau, ko shanun kasuwar Alhamis ta Maigatari zuwa Kano. Mota ta kwana a gareji kan cajin kilowat 50, cikin awa 8 ta sha 400, da asuba ta kama hanya.