Yadda na koyi karanta sunayen allolin tsohuwar Masar

Na fara koyon rubutun hiroglif, wato rubutun zane-zane na tsohuwar Masar, ne da sunayen alloli, domin su ne suka fi maimaituwa a bangon haikalai da kaburbura, kuma wanda ya gane su yana iya bin rubutu ko da bai fahimci sauran jimlar ba. Kafin nan sai da na haddace alamomi wajen 24 waɗanda kowace ke wakiltar baƙi guda, na kuma saba da duba inda tsuntsaye da mutanen da aka zana suka fuskanta, saboda daga wannan ɓangaren ake fara karatu.

Masarawan dā ba sa rubuta wasula, baƙaƙe kaɗai suke rubutawa, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya saba da Larabci marar wasali ba. Sunan Ptah, allan birnin Memfis, shi ne mafi sauƙi: ɗan murabba'i na p, curin gurasa na t, sai murɗaɗɗen lagwani na h mai fitowa daga maƙogwaro. Na Ra kuwa baki ne da hannu, sannan da'irar rana wadda a wannan wurin ba a furta ta, aikinta kawai ta nuna abin da ake nufi.

Amun ya fi ɗaukar mini lokaci. Ana zana ganyen kara, sai allon wasa mai 'ya'ya a jere wanda shi kaɗai ke ɗauke da m da n, sai kuma layin ruwa wanda shi ma n ne. Ba a karanta n ɗin sau biyu. Marubucin ya ƙara ta ne don ya tabbatar wa mai karatu yadda alamar da ta gabata ke ƙarewa. Da na gane wannan ɗabi'a, kalmomi da yawa da nake gani da tsawo suka gajarce.

Wasu sunayen kuma sun fi dogara ga hoto. Hathor shaho ne a cikin gida, domin ma'anar sunan ita ce gidan Horus, allan da ake zanawa da siffar shaho, shi kuwa wanda Girkawa suka kira Thoth sau da yawa jinjimi ne tsaye a kan sanda. Osiris karaga ce da ido, kuma masana sun daɗe suna saɓani kan ainihin furucinsa, don haka na riƙe shi a matsayin siffa guda da ido ke ganewa.

Darasin da ya fi amfanar da ni shi ne sanya sunan alla a farko saboda girmamawa. A cikin zoben da ke kewaye sunan Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, Amun ne ke farko a rubuce, alhali a baki shi ne na ƙarshe. A ganina, wanda bai san wannan ƙa'ida ba zai riƙa karanta sunayen sarakuna a birkice, komai yawan alamomin da ya haddace. Nauyin da suka bai wa rubutaccen suna ne ya sa a zamanin Sarki Akhenaten, wanda ya juya wa bautar Amun baya, aka bi gine-gine ana sassaƙe sunan Amun, har da wanda ke cikin sunan mahaifinsa, Amenhotep na Uku.