Saƙon godiya bayan rufe zangon ajin manya a Hamburg

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce muka rufe zangon hunturu na ajin manya masu koyon Jamusanci, aka yi walima aka watse lafiya. Mu malaman ajin muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Za mu fara da iyayenmu da yayyenmu ɗalibai. Ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya taso daga aikin dare, ko uwa ta baro girki, su zo su zauna a benci suna haɗa baƙi. Allah ya sa albarka. Sai kwamitin masallacin da ya ara mana ɗaki, ya kuma yarda muka mai da darasi ƙarfe 10 na safe, domin a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4, ajin yamma ba ya yiwuwa.

Godiya ta musamman ga matasan da suka zauna a teburin wasiƙu. A ganinmu nan ne zuciyar ajin. Babba ba ya jure karatun da bai ga amfaninsa a makon nan ba, shi ya sa muke cewa kowa ya zo da takardar da ke jakarsa, a rufe suna da lamba, a karanta tare. Abu uku ake nema: wa ya aiko, me yake so, zuwa yaushe. Hukuncin ofishin gwamnati yawanci wata ɗaya ake bayarwa a ƙalubalance shi. Ambulan ruwan ɗorawa kuwa, wanda kotu ko hukuma ke aiko takarda a cikinsa, ba a yar da shi, domin ranar da aka rubuta a jikinsa ita ce farkon lissafi, kuma idan takardar neman bashi ce daga kotu, mako biyu ne kacal. Da yawa ba ƙin amsawa suke yi ba, wasiƙar ce ba ta iso ba: a nan da sunan da ke jikin akwati mai rabon wasiƙa yake aiki, in babu sunanka sai ta koma. Haka rajistar adireshi, wato Anmeldung, cikin kwana 14 da tarewa ake yinta, tare da takardar shaida daga mai gida.

Muna gode wa 'yan'uwa mata da suka riƙe yara a ɗakin gefe. Ba don su ba, da yawancin iyaye mata sun daina zuwa. Haka Hajiyar da ta lura wasu dattawa ba ganewa ce ta gagare su ba, gani ne, ta sa aka ƙara girman rubutu aka kuma tura su gwajin ido.

Malaman da suka ɗauki teburin masu fara riƙe biro sun yi haƙuri mai yawa. Wanda ya iya ajami hannunsa ya saba tafiya daga dama, wanda ya yi boko da Faransanci a Nijar ko Togo yana furta haruffa daban da wanda ya yi da Turanci a Gana ko Najeriya, don haka ba a haɗa su a makonnin farko. Ba a kuma gyara wa dattijo a gaban ƙannensa. Saƙon murya ake tura masa ta WhatsApp. Lambobi da agogo sun fi komai cin lokaci. Bajamushe yana faɗin ɗaya kafin ashirin, sai mutum ya rubuta 12 maimakon 21, kuma "halb drei" biyu da rabi ne, wanda ya ɗauka uku da rabi ya rasa ganin likita.

Ga waɗanda suka raka ɗalibai fita gari, Allah ya saka da alheri. Sun nuna yadda ake yankar tikiti kafin a hau dandamalin jirgin ƙasa, tunda tarar rashinsa Yuro 60 ce, da yadda ake mai da gorar roba a karɓi santi 25, da rabon shara: shuɗiyar bola ta takarda, ruwan ɗorawa ta leda da gwangwani, koriya ta ragowar abinci. Sun kuma nanata buɗe taga gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma safe da yamma, don tururin girki a rufaffen ɗaki shi ke kawo baƙin fumfuna a bango, daga nan sai rigima da mai gida.

Ajinmu share fage ne kawai, ba ya maye gurbin kwas ɗin hukuma mai darasi 600 na harshe da 100 na sanin ƙasa, wanda ake kammalawa da jarrabawar matakin iya Jamusanci da ake kira B1. Wanda ya sami gurbi ya je, kada ya tsaya jiranmu. Ɗakunan karatu na Bücherhallen ma suna da zaman hira da Jamusanci kyauta.

Za a sanar da ranar komawa bayan sallar Juma'a. Muna neman ƙarin mutum biyu a teburin wasiƙu, musamman mace mai jin Faransanci.

Wassalam,
Malaman ajin manya